Databes ɗinmu ya tsaya cak gab da azumi, aka kusa maida ni ɓarawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abun amma duk sanda na ɗauko waya sai in ji ƙirjina ya yi nauyi in ajiye. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne yaranmu da yawa suna shigowa harkar kwamfuta, ana ɗaukarsu a kamfanoni da asibitoci da makarantu a ce su ne masu kula da saba, wato babbar kwamfutar da take riƙe da bayanan wajen, kuma kusan kowannensu shi kaɗai ne a wajen, ranar da abu ya ɓaci ba wanda zai juya ya tambaya. Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan faɗi sunan kamfanin ba, wanda ya gane ya yi shiru dan Allah.

Ni ɗan Kano ne, a cikin gari na tashi. Mahaifinmu ya rasu ina ƙaramar sakandare, ni ne babba namiji, dan haka tun da wuri na fara zuwa wani shagon intanet a unguwarmu bayan an tashi makaranta, ina cika wa mutane fom ɗin JAMB ina buga takardu ana ba ni na sabulu. A nan na fara son kwamfuta. Da kuɗin shagon da adashen Umma na yi difloma a foli, na ƙara da babbar difloma, na yi bautar ƙasa, a 2019 Allah ya ba ni aiki a wani kamfanin sarin kayan masarufi. Wannan albashin shi ne cefanen gidanmu, shi ne kuɗin makarantar ƙannena, da shi na yi aure.

Wanda bai san irin wannan kasuwancin ba ba zai gane girman abin da zan faɗa ba. Sukari, shinkafa, man girki, taliya, madara, sabulu, tirela-tirela ake saukewa, kwastomomi daga Katsina, Haɗeja, Gashuwa, har Maraɗi da Damagaram. Kuma yawanci ba kuɗi hannu ba ne. Mutum zai ɗauki kayan miliyoyi ya tafi, ya sayar, ya dinga turo ciko kaɗan-kaɗan, kafin ya gama biya ya ƙara ɗaukar wani. Da can manyan littattafai ake rubutawa, daga baya wani kamfani daga Legas ya zo ya saka musu manhaja a kan SQL Server 2012, wato tsarin Microsoft na adana bayanai, aka ajiye littattafan. Tun daga nan wa ake bi, nawa ake binsa, yaushe ya biya, duk yana cikin kwamfuta ɗaya a wani ɗan ɗaki bayan ofishin akanta.

Da na karɓi wajen na tarar databes ɗin, wato rumbun da duk bayanan nan suke ciki, yana tsarin FULL amma ba a taɓa ɗaukar bakof, wato kwafin ajiya, na log ba ko sau ɗaya. Ga wanda bai sani ba, databes na SQL Server fayil iri biyu ne da shi, akwai na ainihin bayanan, akwai na log wanda yake rubuta duk wani canji kafin a yi shi. A tsarin FULL in ba ka ɗaukar bakof ɗin log, ba ya sake amfani da wajen da ya riga ya cika, sai ya yi ta ƙara girma. Namu ya kai wajen giga 40, ya fi ainihin bayanan ma. Na tsara cikakken bakof duk daren Lahadi, na bambanci, wato na abin da ya canza tun daga cikakken, kullum da dare, na log duk awa, a kan wani faifan waje. Log ya daina girma, na ga komai lafiya, shekaru muna tafiya a haka.

Sai 2023 ta zo. Kowa ya tuna yadda aka yi da canjin kuɗi, aka sauya ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, takardar kuɗi ta ɓace a gari, mutanen da ba su taɓa yin tiransifa ba suka koma yi dole. Wani zai turo ta POS ɗin maƙwabcinsa, wani ta akawun ɗin ƙaninsa, alat ya makale kwana da kwanaki, duk sai an bi an shigar da sunan mai shi. Ga zaɓe, ga azumi yana ƙaratowa a ƙarshen Maris, lokacin da sukari da mai da madara suka fi tafiya a shekara gaba ɗaya. A farkon Maris ɗin, tsakiyar mako, akanta ya kunna aikin rufe lissafin watan Fabrairu da yamma, aiki ne da manhajar take yinsa a dunƙule guda kuma yana ɗaukar awanni. Yana tsakiyar yi aka ɗauke wuta. Batiran inbata sun daɗe da mutuwa, na rubuta na kuma rubutawa a sayo, kullum amsar ita ce a bari kuɗi su saki. Kafin a tada janareta saba ta mutu, da ta tashi faifan da bayanan suke kai ya fara wani ƙas-ƙas, databes ya fito da kalmar Suspect a gefensa, wato ya ƙi buɗuwa, ana zargin ya lalace.

Gaskiya a lokacin ban tsorata ba. Ina da bakof. Har na ce wa manaja ranka ya daɗe ku je ku yi magariba, kafin safiya insha Allahu an buɗe. Sa'ar da muka yi fayil ɗin log yana kan wani faifai daban kuma shi bai taɓu ba, dan haka abu na farko da na yi shi ne na ɗauki bakof ɗin wutsiyar log, wato ragowar da ba a riga an kwafa ba, da umarnin NO_TRUNCATE, wanda yake yiwuwa ko da fayil ɗin bayanan ya lalace. Shi ne ya riƙe mana duk cinikin da aka yi daga bakof na ƙarshe zuwa daƙiƙar da wuta ta ɗauke. Duk wanda ya samu kansa a irin haka, kafin ya taɓa komai ya fara da wannan.

Muna da wata tsohuwar na'ura a sito, na kakkaɓe ta na saka mata SQL Server irin na waccan, na jona faifan waje, na ba da umarnin maido da bakof ɗin Lahadi da NORECOVERY. A nan yara da yawa suke rikicewa. In ka sa NORECOVERY databes zai yi ta nuna Restoring ko shekara zai yi, ba lalacewa ya yi ba, kai yake jira ka ɗora masa sauran. In kuma ka yi gaggawar buɗe shi da RECOVERY to ka rufe ƙofa, ba wani log da zai ƙara hawa, sai dai ka sake daga farko.

Aiki ya tsaya a kashi 0. Na sha ruwa na dawo, 0. Na yi isha'i na dawo, 0. Na buɗe wata taga na duba sys.dm_exec_requests, wato inda SQL Server yake nuna abin da kowane aiki yake yi da abin da yake jira, na ga faifai yake jira. Ashe kafin ya zuba ko layi ɗaya sai ya fara ƙirƙirar fayilolin da cikakken girmansu ya cike su da sifili tun daga farko har ƙarshe. Na bayanai ana iya tsallake masa wannan in ka ba akawun ɗin da sabis ɗin SQL Server yake gudana a kai izinin Perform volume maintenance tasks a Windows ka sake tada sabis, amma na log a irin namu dole sai an cike shi, giga 40 ɗin nan a kan tsohon faifai. Ga faifan bakof ɗin a tsohon ramin USB 2.0 wanda da ƙyar yake wuce megabayit talatin da 'yan kai a daƙiƙa, ga manhajar kashe bairos tana bin kowane fayil tana shinshinawa. Tunda ba a zuba komai ba tukuna, tsayarwa ba asara ba ce, na tsayar, na ba da izinin, na kwafo bakof ɗin cikin na'urar, na cire foldar daga idon mai kashe bairos, na sake. Ya ɗan jima a 0 saboda log, sannan ya fara tafiya har ya gama.

Na zo ɗora bakof na bambanci na daren jiya ya ƙi, kuskure mai lamba 3136, wai ba a kan tushen da ya dace nake ɗora shi ba. A nan gabana ya fara faɗuwa. Na duba kan fayilolin da RESTORE HEADERONLY, lambar tushen da yake nema daban, ta bakof ɗina na Lahadi daban. Sai da na tono tarihin bakof a tsohuwar saba na ga ranar Litinin wani yaron kamfanin manhajar ya shigo daga nesa zai gwada wani abu, ya ɗauki cikakken bakof nasa ba tare da COPY_ONLY ba, wato zaɓin da yake hana bakof ya zama sabon tushe, ya kwashe ya goge. Bakof na bambanci kuwa kullum daga cikakken bakof na ƙarshe yake auna kansa, ko wa ya ɗauka. Na kira lambarsa a kashe. Abin da ya cece ni shi ne cikakken bakof ba ya tsinka jerin log, dan haka na bar na bambancin gaba ɗaya na jero na log ɗaya bayan ɗaya tun daga daren Lahadi, na rubuta ɗan umarni ya dinga ɗora su a jere. Ƙananan fayiloli ne amma kowanne sai ya ɓata lokacin da bai kamata ba, na lura da haka, ban san dalili ba, na dai ci gaba.

Dare ya raba sosai lokacin da wutsiyar log ta hau. Na yi bismillah na rubuta RESTORE DATABASE WITH RECOVERY na danna.

Shiru. Ba kashi, ba kuskure, ba komai, ɗan da'irar nan kawai tana juyawa. Wallahi in abu ya ba ka kuskure ya fi sauƙi, ka san me za ka nema. Na shiga intanet a waya da ɗan datan da ya rage min, kowa da shawararsa, kuma wadda ta fi yawa ita ce ka kashe sabis, ka goge fayil ɗin log, ka jona na bayanan shi kaɗai, ko ka sa shi a EMERGENCY ka yi masa gyara da REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS, wato gyaran da ka yarda a rasa wasu bayanai. Hannuna ya kai kan linzamin. Abin da ya hana ni shi ne na tuna aikin akanta rabi ya yi. A cikin fayil ɗin bayanan nan akwai kwastomomin da an riga an taɓa lissafinsu da waɗanda ba a kai kansu ba, kuma log ɗin ne kaɗai ya san su waye. In na goge shi databes zai iya buɗewa, kowa ya yi murna, amma a ciki bashin wani ya ninku na wani ya ragu, kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka yi rigima da kwastoma.

Sai na kira tsohon ogana na wajen bautar ƙasa, dattijo ne da ya daɗe a harkar databes na bankuna. Na ji kunyar lokacin amma ya ɗauka. Nace Yallaɓai ka yi haƙuri na tashe ka, na faɗa masa komai. Bai ce min kar ka damu ba, yace buɗe kundin kurakurai na SQL Server ka karanto min na ƙasa. Ina karantowa na zo kan wani layi da yake cewa databes ɗin yana da VLF sama da 10000 kuma hakan ya yi yawa, zai iya ja wa tashi da maidowa jinkiri. Layin yana nan tun farkon dare a cikin tarin rubutu. Yace log ɗin naka nawa ne, nace wajen giga 40. Yace da nawa-nawa yake ƙara girma, na duba tsohuwar saba nace megabayit 1. Sai ya yi wata 'yar dariya yace ɗana ka samu kujera.

Ya yi min bayani. Fayil ɗin log a waje guda ɗaya ne amma a ciki yanka-yanka ne, su ake kira VLF. A SQL Server 2012 duk ƙarin da bai kai megabayit 64 ba gida 4 ake raba shi, daga nan zuwa giga 1 gida 8, sama da haka gida 16. Namu da megabayit ɗai-ɗai ya hau har giga 40, wato ƙari wajen dubu 40, kowanne gida 4, ka ga an doshi dubu 160 kenan. Kuma bakof yana dawo da log ɗin ne da yankansa yadda yake. Kafin SQL Server ya fara farfaɗo da databes sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karanta kan kowanne, a wannan lokacin kuma ba ya faɗa maka ya kai ina. Yace kai da kake wajen 'yan sukari, kamar a ce ka ƙirga kayan sito ne ka tarar an farke buhunan an ƙulla su a leda ƙulli-ƙulli na naira hamsin, sukarin bai ƙaru ba amma ƙirgar sai ta kai ka gobe.

Nace to Yallaɓai ta ya zan san yana aiki ne ko ya mutu? Yace kar ka kalli da'irar nan. Ka duba adadin karatu da rubutu da lokacin da aikin ya ci a sys.dm_exec_requests, ka rubuta a takarda, ka jira minti biyar ka sake dubawa. Ka buɗe Resource Monitor na Windows ka ga ko sqlservr, wato SQL Server ɗin kansa, yana taɓa fayil ɗin log. In lamba tana motsi ko da kaɗan ne, ka cire hannunka. In ta tsaya cak kuma faifai ba ya motsi kuma kundin Windows yana kukan faifai, sannan ka sake kirana. Na jawo wani tsohon rasit na lodi na juya bayansa, na ja layi, lokaci a hagu lamba a dama. Na farko da na biyu bambancinsu 'yan ɗaruruwa ne, amma sun bambanta. Ban san sanda hawaye ya zubo min ba, ni kaɗai a ɗaki, janareta na ta ruri a waje.

Da aka kira asuba na ja ƙofar na tafi masallacin bakin layi. Ɗan Alhaji mai kamfanin, yaron da ya yi karatu a waje kuma yana ganin ya san kwamfuta, ya biyo daga gida ya ga abin da ake ciki, mai gadi ya buɗe masa, ya ga abu na juyawa tun dare, ya danna maɓalli ya kashe na'urar ya kunna. Na dawo na same shi a tsaye yana cewa ai ta sandare ne, na taimaka maka. Ban iya ce masa komai ba. Databes ya taso yana nuna In Recovery, wato yana farfaɗowa, ƙirgar da aka kwana ana yi ta koma farko. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min wuya, ba dan ya yi da mugunta ba, shi a saninsa duk abin da ya tsaya kashewa ake a kunna.

Gari ya waye motoci sun yi layi, 'yan dako na zaune a kan buhuna, ba a san wa za a ba kaya ba tunda ba a san nawa ake bin kowa ba. Wajen hantsi aka ce Alhaji na kira. Na shiga na durƙusa na gaishe shi bai amsa ba. Manajan sito na gefe, shi ne ya fara, wai an ga wani babban kwastoma da ake bi kuɗi masu yawa ya rage min hanya a motarsa satin da ya wuce, kuma abin mamaki sai ga kwamfuta ta lalace daidai ranar rufe lissafi. Alhaji ya kalle ni yace yaro, nawa suka ba ka? In ka faɗa min gaskiya mu kashe maganar a nan, in ba haka ba hukuma ce za ta tambaye ka.

Mutumin ya rage min hanya, gaskiya ne, lokacin ba a samun kuɗin adaidaita ne kowa a ƙasa yake tafiya. Amma ta ina za ka fara? Nace ranka ya daɗe, lissafinka yana nan ko kwabo bai ɓata ba, amma in aka ƙara taɓa na'urar nan ba zan iya ɗaukar alkawarin komai ba. Ka ba ni makullin ɗakin, ka sa wanda ka yarda da shi ya zauna tare da ni, in ya buɗe aka ga an taɓa bashin mutum ɗaya ka kira 'yan sandan da kanka. Na miƙa masa rasit ɗin da lambobina. Bai gane su ba, na sani, amma ya juya shi ya kalla ya daɗe, sannan yace a ba shi makulli. Ya haɗa ni da wani dattijon direbansa.

Umma ta kira, labari ya riga ya kai gida, ban san ta ina ba. Tace ɗan nan ka ci amanar mutane? Nace Umma wallahi a'a. Tace to shi kenan zauna ka yi aikinka, Allah yana tare da mai gaskiya, ta kashe. Wannan tambayar ta fi ta Alhaji yi min ciwo, duk da na san tsoro ne ya sa ta yi.

Bayan azahar kundin ya fara magana. Layi ya fito yana cewa farfaɗowa ta kai kashi kaza, saura daƙiƙa kaza, mataki na 1 cikin 3. Matakan uku ne, na farko ya karanta log ya gane me aka gama me ba a gama ba, na biyu ya tabbatar duk abin da log ya rubuta ya shiga fayil ɗin bayanan, na uku ya warware duk aikin da bai kai ƙarshe ba. Na ɗaya da na biyu ba su wahalar ba. Na ukun ne ya zauna, domin aikin akanta na awanni ne ake kwancewa layi-layi, kuma kwancewa takan ɗauki lokacin da aikin ya ɗauka ko fiye. Lissafin daƙiƙun nan kuma kar wanda ya kai wa oga shi a matsayin alkawari, yanzu zai ce saura dubu biyu anjima ya ce dubu tara. Ni kashi kawai nake kallo. Baba direba ya gaji da tambayata, ya koma shi ke riƙe da biro, in na karanto lamba ya rubuta, har ya fara cewa injiniya wannan karon ta fi ɗazu gudu. A SQL Server 2019 an kawo wani tsari da yake sa wannan warwarewar ta zama kusan nan take in an kunna shi, mu kuwa muna kan na 2012 wanda Microsoft ta daina tallafa wa tun Yulin 2022.

Cikin dare ya buɗe. Ban bar kowa ya shiga ba sai da na yi DBCC CHECKDB, umarnin duba lafiyar databes, ya fito ba kuskure, na ɗauki sabon cikakken bakof na ajiye a waje biyu. Da safe akanta ya shiga ya ƙwala ihu wai rufe watan ya ɓace, aka sake taruwa a kaina, sai da na yi ta bayani cewa dama haka ya kamata, aikin da bai ƙarasa ba an mayar da shi kamar ba a fara ba, ya sake kunnawa kawai. Suka ɗebo rasitai na takarda suka yi ta gwadawa da na kwamfuta, suka fara da na mutumin da ya rage min hanya. Bashinsa na nan cif, har da kayan da ya ɗauka awa ɗaya kafin wuta ta ɗauke.

Ba wanda ya ce min yi haƙuri. Abin da na samu takardar tuhuma ce kan cinikin da aka rasa, aka kuma yanki wani abu a albashina na watan. Aka sayo batiran inbata a satin. Ni kuma a daren Lahadin da ta biyo na rage log ɗin ya koma ƙarami, na sake faɗaɗa shi da kaina da manyan ƙari, na mayar da ƙarin kansa megabayit 512, VLF suka dawo 'yan gomomi. Na gwada maido da sabon bakof a tsohuwar na'urar nan dai, abin da ya kwana ya wuni bai kai awa ɗaya ba. Na daɗe zaune ina kallonsa.

Jikina ne bai dawo ba. Azumin shekarar da ƙyar na yi shi, ciwon ciki, rashin barci, waya in ta yi ƙara da dare sai hannuna ya kama rawa. Ko a gida aka ɗauke wuta sai na zabura. Maiɗakina ce ta matsa na je asibiti, aka ce hawan jini ne da olsa, ina ɗan shekara talatin da kaɗan. A wajen aiki kuma gaisuwa ta canza, in na shigo ofishin akanta sai a rufe littafi. Wanda aka taɓa kira ɓarawo a gaban mutane, ko an wanke shi, wasu rabin farkon labarin kawai suke riƙewa. Na yi ta istihara, ga cire tallafin mai da aka yi a ƙarshen Mayu komai ya yi tsada, ga gida biyu a wuyana, kowa na ce min ba a barin aiki a wannan marrar. Bayan babbar sallah na rubuta takardar ajiye aiki. Na bar musu bayanin komai a rubuce, inda bakof yake, yadda ake jera shi, da gargaɗi da manyan baƙi a jikin na'urar cewa kar a kashe in tana farfaɗowa.

Watannin farko sun yi zafi, har babur ɗina na sayar. Tsohon ogana ne ya fara haɗa ni da wani ƙaramin asibiti, daga nan wani kantin magani, daga nan wata makaranta. Yanzu zaman kaina nake, ina kula da databes na wurare da dama, ina shan maganin hawan jinina, alhamdulillah ana rufa asiri. Duk inda zan karɓi aiki sharaɗina ɗaya ne, kafin mu yi maganar kuɗi a kawo bakof na jiya mu maido shi a wata na'ura, mai wajen yana zaune yana kallon agogo, ya ga da idonsa awa nawa kasuwancinsa zai tsaya. Ina duba yawan VLF, ina duba wa da wa suke da ikon ɗaukar bakof, ina tambayar shekarun batiran inbata. Wasu suna cewa ɓata lokaci ne tunda komai na tafiya lafiya, irin waɗannan ina ba su haƙuri in wuce. A watan jiya ma wani mai kanti ya yarda da ƙyar, muka buɗe foldar muka tarar bakof na ƙarshe tun kafin damina ne, faifan ya cika aikin yana ta faɗuwa kullum ba wanda ya duba. Mun gyara wannan, yanzu rigimar da muke yi da shi ta sayen faifai na biyu ce, yace sai bayan ya sauke kaya.